HAWAN KEKE DAGA KALABA ZUWA DUTSEN OBUDU BA WASAN TURAWA KAƊAI BA NE

Akwai wani abin mamaki game da 'yan Arewa mazauna Kurmi, wanda ya kamata a tsaya a dube shi da idon basira. Sai a tarar mutum ya shekara 20 ko 30 a Agege, ko Sabo ta Badun, ko Bogobiri ta Kalaba, ya yi aure ya hayayyafa, har 'ya'yansa sun fi shi jin harshen mutanen gari, amma in aka tambaye shi abin da ke bayan tashar mota sai ya yi shiru. Hanyoyi uku kurum ya sani, watau ta kasuwa, da ta masallaci, da ta gida in salla ta ƙarato. Ita ma ta gidan galibi cikin dare ake bin ta, ko a cikin babbar mota, ko a bisa kayan tirela, ba a ganin kome sai fitilun shingen 'yan sanda.

Wannan hali kuwa yana da illa. Mutumin da bai san ƙasar da yake ci yake sha a cikinta ba, ita ma ƙasar ba za ta san shi ba. In rigima ta taso, sai ya zama baƙo ko da a nan aka yanke cibiyar ɗansa. Mutanen ƙauyukan Kudu da yawa ba su taɓa zama da Bahaushe sun ci abinci a akushi ɗaya ba, abin da suka sani game da shi sai wanda suka ji a rediyo ko suka gani a waya, wanda kuwa ba kasafai yake zama alheri ba. Shi ma Bahaushen abin da ya sani game da su bai wuce jita-jitar zango ba.

To, akwai wata hanya mai araha ta rage wannan jahilci na juna, ita ce doguwar tafiya a kan keke. Ana nufin mutum uku ko huɗu su ɗaure guzurinsu a kariya, su bi hanya sannu a hankali, su yini suna tafiya, su kwana inda dare ya yi musu, har mako guda ko fiye, ba don tsere ba, ba kuma don talla ba, sai don ganin ƙasa da sanin mutanenta. A duk faɗin Kudancin Nijeriya kuwa babu inda ya fi dacewa da irin wannan tafiya kamar Jihar Kuros Riba, daga gaɓar ruwa a Kalaba, a ratsa gefen duwatsun Oban, a bi ta Ikom, har a ƙure a kan dutsen Obudu. Ya kamata samarin Arewa da ke zaune a Kudu su fara tunanin wannan tafiya, shugabannin zango su ɗaure musu gindi, hukuma kuma ta share musu hanya.

GADO NE, BA ARO BA

Mai karatu zai iya cewa ai wannan wasan Turawa ne da 'ya'yan masu kuɗi waɗanda ƙoshi ya yi wa yawa. Wanda ya faɗi haka ya manta da tarihin kakanninsa. Tun kafin a san mota, fataken ƙasar Hausa ke tashi daga Kano da jakuna, su yi wata da watanni a kan hanya kafin su kai Salaga ta ƙasar Gwanja su sayo goro. Suna ratsa ƙasashen da ba su jin harshensu, suna haye koguna, suna kwana a zango, kuma da irin wannan tafiya ce aka kafa yawancin unguwannin Hausawa da ake gani yau a bakin teku. Doguwar tafiya a hankali cikin ƙasar wasu gadon Bahaushe ce, abin hawan ne kaɗai ya sake.

Shi kansa keken ba baƙo ba ne. Dattawa na tune da zamanin da mallakar keke Rali ke sa a ba mutum mata, har aka kafa masana'antar haɗa shi a Kano. Malamin makaranta da ma'aikacin En'e da ɗan koli duk da shi suke taƙama. A ƙasar Gabas kuwa, da keke ake ɗauko garewanin manja daga ƙauyuka masu nisa zuwa bakin kogi inda kamfanonin Turawa ke saye. Abin da ya zubar da darajarsa shi ne kuɗin man fetur, musamman tun daga ƙarin albashin Udoji da aka biya a 1975, lokacin da kowa ya ruga ya sayi babur, wanda ya fi ƙarfi ya sayi mota. Daga nan aka mai da keke alamar talauci. Da Ministan Sufuri Ojo Maduekwe ya tashi yana kiran jama'a su koma wa keke a 2001, dariya aka yi ta yi masa, ranar da wata motar safa ta ture shi cikin kwalbati a Abuja kuwa yana kan hanyar zuwa taron majalisar ministoci, sai dariyar ta ƙaru.

Yau dariyar ta koma ciki. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023 da aka janye tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta yi ta hawa, har ta wuce Naira 1,000 a cikin 2024. Kafin wannan ma, a 2022 Gwamnatin Jihar Ikko ta hana acaba a manyan yankunan birnin, abin da ya raba dubban samarin Arewa da sana'arsu. Keke dai ba ya shan mai, ba ya neman lasin, kuma duk ƙauyen da ke da mai faci yana da asibitinsa.

WAƊANDA SUKA RIGA SUKA YI

Ba Turawa kaɗai suka yi suna a wannan fage ba. A 1952 wani ɗalibi ɗan Nijeriya mai suna Olabisi Ajala ya hau keke daga Shikago zuwa Los Anjalis a Amurka, tafiyar mil 2,280 cikin kwana 28, sanye da tufafin gida, don ya nuna wa mutanen can cewa ƙasarsa ba ta masu yawo tsirara ba ce kamar yadda ake gaya musu. Har yau a ƙasar Yarabawa in mutum ya cika yawo, Ajala ake ce masa. Daga 2003 zuwa 2005 wani mutumin Afirka ta Kudu, Riaan Manser, ya kewaye nahiyar Afirka ta bakin teku a kan keke, ƙasashe 34, kilomita wajen 36,500.

Na kusa-kusan nan shi ne Mamadou Safayou Barry, saurayi ɗan ƙasar Gini, wanda a 2023 ya ɗaura niyyar zuwa karatu Jami'ar Azhar ta Masar alhali ba shi da kuɗin jirgi. Ya hau keke ya ratsa Mali da Burkina Faso da Togo da Binin da Nijar, aka tsare shi har sau uku a hanya, bai fasa ba sai da ya kai Cadi bayan wata huɗu. A can ne labarinsa ya bazu, masu alheri suka biya masa jirgi zuwa Alƙahira, jami'ar kuma ta karɓe shi kyauta. In saurayin da ba shi da kome ya iya ratsa ƙasa shida, ai tafiyar mako guda cikin jiha ɗaya ba za ta gagari matasan Bogobiri da na Fatakwal da na Anaca ba.

YADDA HANYAR TAKE

Kalaba tsohon gari ne, shi ne ma hedkwatar Turawan mulki a Kudancin Nijeriya kafin a mai da ita Ikko a 1906. Yana kan tudu tsakanin koguna biyu, kusa da inda Kogin Kuros ke shiga teku. Abin da zai fara ba ɗan Arewa mamaki shi ne ruwan sama. Kalaba na samun kusan milimita 3,000 a shekara, alhali Kano galibi ba ta kai 1,000 ba. Saboda haka lokacin wannan tafiya shi ne daga Disamba zuwa Fabrairu. Wanda ya fita da damina, laka da zaizayar ƙasa za su koya masa hankali tun bai yi nisa ba.

Daga Kalaba hanya biyu ce ke gaban matafiyi. Ɗaya ta nufi arewa maso gabas, ta bi kusa da inda ruwan Kwa ke zubowa daga kan dutse, ta ratsa tsakiyar duwatsun Oban har Ekang a kan iyakar Kamaru. Wannan ita ce ta fi kyan gani, ita ce kuma ta fi wuya, don hawa ne da gangara ba iyaka, ƙauyuka sun yi nisa da juna, itatuwa kuma sun rufe sama har wani wuri da tsakar rana sai a ce magariba ta yi. Ana iya ba ta kwana biyu, a shiga a komo. Ɗayar ita ce babbar hanyar Ikom, mai tsawon sama da kilomita 200, wadda ta bi ta Odukpani da Akamkpa da Ugep. Tana da kwalta da garuruwan kwana, amma fa manyan motocin da ke ɗaukar siminti da tsakuwa daga wuraren fasa dutse na Akamkpa ba su san girman mai keke ba.

Duwatsun Oban na cikin Gandun Dajin Ƙasa na Kuros Riba wanda Gwamnatin Tarayya ta kafa a 1991. Gandun kashi biyu ne, na Oban mai faɗin murabba'in kilomita wajen 3,000, wanda ya haɗe da gandun Korup na Kamaru, da na Okwangwo a arewa mai wajen 1,000. Wannan shi ne kurmi mafi girma da ya rage wa Nijeriya wanda gatari bai gama da shi ba. Akwai giwayen kurmi a ciki, da birai iri-iri, a sashen arewa kuma akwai wani irin goggon biri da ba a samunsa ko'ina a duniya sai kan wannan iyaka ta Nijeriya da Kamaru, wanda masana ke ƙiyasin bai kai 300 ba. Ofishin gandun yana Akamkpa, a can ake neman izni da ɗan rakiya.

A Ugep matafiyi ya shiga ƙasar Yakurr, masu bikin sabuwar doya da ake kira Leboku a watan Agusta. Ikom kuwa ƙasar koko ce, ta mutanen Ejagham. A ƙauyukan kewayenta, kamar Alok, akwai wasu duwatsu kusan 300 da mutanen da suka sassaƙa da siffar fuskar ɗan Adam suka kakkafa su a da'ira, waɗanda masu binciken tarihi daga ƙasashen waje ke zuwa gani. Kusa da nan ne kuma ruwan Agbokim ke zubowa. Daga Ikom zuwa garin Obudu sama da kilomita 100 ne, ta cikin ƙasar Boki, a gefen dutsen Afi inda ake kiwon birai da aka ƙwato daga hannun mafarauta.

Ƙarshen tafiya shi ne gwajin ƙwanji. Daga garin Obudu sai an ƙara kamar kilomita 60 kafin a kai kan dutse, kilomita 11 na ƙarshe kuwa hawa ne tsantsa, hanya na lanƙwasa kamar maciji fiye da sau 20. A bisa, tsawon ya wuce mita 1,500 daga doron teku. A nan ne wasu Turawa suka kafa gidan kiwon shanu a 1951, saboda sanyin wurin ya hana ƙudan tsando zama. Ɗan Arewa da ya kai nan zai ga abin da bai zata ba, watau fili da ciyawa da shanu da hazo, sai ka ce Mambila ko Jos, bayan kwana shida ko bakwai kurum da barin bakin teku. Mai keke da kaya yakan ci kilomita 60 zuwa 80 a yini a kan kwalta, a wurin hawa kuwa rabin haka ma ya isa a yi hamdala.

MAGANAR HATSARI

Ga babbar hujjar masu cewa a bari. Za su ce yaya za a zuga yaran mutane su shiga dajin Kudu a wannan zamani, bayan abin da ya faru a Uromi ta Jihar Edo cikin watan Maris 2025, inda aka tare matafiya 'yan Arewa 16, mafarauta masu komawa Kano daga Fatakwal don yin salla, aka kashe su a kan zargin wai masu satar mutane ne? Wannan tambaya ce mai nauyi, ba kuwa a amsa ta da wasa. Kisan Uromi zalunci ne tsagwaronsa, babu wani uzuri da zai wanke shi. Bugu da ƙari, ita kanta hanyar Kalaba zuwa Ikom an sha tare matafiya a kanta, a ƙetaren iyaka kuma tun 2017 ake faɗa tsakanin sojan Kamaru da 'yan a-ware na yankin masu jin Ingilishi, har dubban 'yan gudun hijira sun kwararo cikin Kuros Riba. Duk mai hankali ba zai kusanci iyakar Ekang ko ta Mfum da nufin ƙetarawa ba.

Amma a duba da kyau abin da ke haifar da irin masifar Uromi. Tsoro ne ya gamu da rashin sani. Mutane sun gaji da satar 'yan'uwansu, ba su kuma san bambanci tsakanin ɗan fashi da mafarauci da ɗan kasuwa ba, duk wanda ya yi kama da ɗan Arewa suna yi masa kuɗin goro. In maganin da 'yan Arewa suka zaɓa shi ne su ƙara ƙulle kansu a zango, su riƙa wucewa cikin dare kamar marasa gaskiya, to rashin sanin nan ƙaruwa zai yi, wanda zai sha wuyarsa kuma shi ne mai yankan farce da mai gyaran takalmi da mai turin baro, waɗanda tilas su shiga lunguna neman abinci.

Mai keke kuwa ba shi da inda zai ɓuya. Da rana tsaka yake shiga gari, gumi ya jiƙe shi, kowa na ganin abin da ke kariyarsa. Tilas ya tsaya ya nemi ruwa, ya sayi ayaba, ya tambayi hanya, ya koyi gaisuwa. Yara za su kewaye shi, tsofaffi za su tambaye shi daga ina, zuwa ina. Ƙauyen da ya taɓa saukar da samari huɗu 'yan Sakkwato ko Katsina, ya ga sun gai da manya, sun biya kuɗin abin da suka ci, sun share inda suka kwana kafin su wuce, ba zai yi saurin ɗaukar sanda ba ranar da wani ya zo da ƙaryar cewa duk Bahaushe ɓarawo ne. Ba a ce tafiyar keke za ta kawar da gaba a Nijeriya ba. Abin da ake cewa shi ne ƙauye ɗaya da aka yi sabo da shi riba ce ga duk mazauna zango.

A BI ƘA'IDAR MADUGU

Fataken da ba su ratsa ƙasashen wasu da ƙarfin tuwo ba. Ayari yana da madugu, yana da jagaba mai shiga gaba ya nemi masauki, kuma ba a sauka a gari sai an kai gaisuwa fada. Wannan ƙa'ida ita ce za ta tsare mai keke a yau. Kada a tafi mutum ɗaya, kada kuma a yi taro mai yawa da zai firgita ƙauye. Uku zuwa biyar ya isa, in da hali a sami abokin tafiya ɗan ƙasa, Efik ko Ejagham, ko aƙalla wanda Turancin buroka ya zauna a bakinsa. Kafin a tashi a karɓi takarda daga Sarkin Hausawan Kalaba mai bayyana sunayen matafiya da nufinsu, a kai kwafinta ofishin 'yan sanda, kowa kuma ya riƙe katinsa na ɗan ƙasa.

In an shiga ƙauye a fara neman gidan sarki ko shugaban matasa kafin a kwance kaya. Kada a kafa tanti a daji a ɓoye kamar yadda wasu Turawa ke yi, don abin da za a yafe wa Bature a ce hauka ne, in ɗan Arewa ya yi shi sunansa ɗan leƙen asiri. Da la'asar sakaliya a tabbata an sami wurin kwana, ba a tafiyar dare ko kusa. Kada a ɗauki wani abu mai kama da makami, ko adda ko kwari da baka, balle bindiga. A cikin gandun daji ma doka ta hana.

Sai kuma girmama al'adar mutane. A ƙasar Efik da Ejagham akwai ƙungiyar asiri ta maza da ake kira Ekpe ko Mgbe, tana da ɗakunanta da kurminta da ba a shiga, tana da ranakun da dodonta ke fita. Baƙo, in ji masu magana, ko da ido makaho ne. In an ce nan ba a shiga, kada a tsaya gardama, in an ga dodo ya fito a kauce, kada kuma a ɗaga waya a ɗauki hoton abin da ba a ba da izni ba. Ba wanda ya ce mutum ya bar addininsa, amma ba a aiko shi wa'azi ba.

Game da shiri, keken da ake bukata shi ne mai giya, don keken da ba shi da giya tura shi za a yi ta yi a kan tudu. Irin na gwanjo da ake sayarwa a kasuwannin Ikko da Anaca ya wadatar in firam ɗinsa lafiyayye ne. A sa masa sababbin tayoyi da sabuwar robar birki, domin a ƙasar duwatsu gangara ta fi hawa kisa, musamman in kaya sun yi nauyi ko hanya ta jiƙe. A riƙe famfo, da tub biyu, da kayan faci, da sifana, da man sarƙa, da fitila, da hular kwano. Kaya kada su wuce abin da mutum zai iya ɗaga keken da su. A tafi da gidan sauro da maganin zazzaɓi, da garin gishiri da sukari na kashe ƙishi, domin a wannan ƙasa gumi ba ya bushewa kamar a Arewa, mutum sai ya ƙare daga ciki bai sani ba. Ruwan rafi a tafasa shi kafin a sha. Abinci ba matsala ba ne, ga doya, ga ayaba, ga garin rogo, ga kifi ga mai shakkar yankan da bai gani ba. Kafin babbar tafiya kuma a yi wata guda ana gwaji a kusa da gida.

ABIN DA YA RATAYA A WUYAN HUKUMA

Wani dalilin da ya sa bai kamata a yi jinkiri ba shi ne kurmin kansa yana ƙarewa. 'Yan Arewa sun fi kowa sanin abin da ke biyo bayan sare itatuwa, don da yawansu hamada da fari ne suka koro su Kudu. A 2008 Gwamna Liyel Imoke ya hana sare katako a jihar, amma ɓarayin katako ba su daina ba, a 2023 kuma gwamnatin Bassey Otu ta ɗage hanin. A 2015 an aza harsashin wata babbar hanya mai kilomita 260 da aka so ta ratsa jihar daga bakin teku zuwa iyakar Binuwai, har aka yi shelar ƙwace ƙasa kilomita 10 a kowane gefe nata. Sai da mutanen Ekuri, masu tsaron kurminsu na gado mai faɗin kadada 33,600, suka tashi tsaye tare da masu goyon bayansu, sa'an nan aka janye shelar a 2017. Talakan ƙauye ba zai bar itace a tsaye ba sai ya ga itacen na kawo masa wani abu. Mai keke da ya kwana a ƙauye ya sayi abinci ya biya ɗan rakiya, kuɗinsa hannun talaka yake shiga kai tsaye, ba kamar mai zuwa da jirgi ya sauka a babban otel ba.

Jihar Kuros Riba ta nuna ta san darajar baƙi. Ita ce ta ƙirƙiro bikin Kalaba na watan Disamba a 2004, ta kuma fara tseren gudun hawan dutsen Obudu a 2005 wanda ya jawo gwanaye daga Habasha da Kenya. Abin da mai keke ke nema bai kai waɗannan tsada ba. A gyara kafaɗar hanyar Kalaba zuwa Ikom, a kafa alamun nisa, a tsawata wa direbobin manyan motoci, a shirya da sarakunan ƙauyuka su ware ɗaki ɗaya na saukar baƙi a kan kuɗi ƙayyadadde. Hukumar gandun daji ta sauƙaƙa ba da izni, ta bayyana farashinsa kowa ya sani. Gwamnatin Tarayya kuma, tun da ta fara gina hanyar bakin teku mai kilomita 700 daga Ikko zuwa Kalaba a 2024, ya kamata ta tuna ba masu mota kaɗai ke biyan haraji ba, ta bar wa masu keke da masu tafiya a ƙasa gefensu.

Sauran aiki na shugabannin zango ne. Kuɗin da ƙungiyoyin 'yan Arewa ke kashewa wajen bikin naɗin sarauta ɗaya ya isa ya sayi keke goma. A zaɓo samari masu natsuwa daga cikin 'yan kasuwa da ɗalibai, a shirya musu tafiya ɗaya a shekara lokacin rani, su tafi da wasiƙun gaisuwa daga Sarkin Hausawa zuwa ga sarakunan kan hanya, su komo su ba da labari a gaban jama'a. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba, 'yan Arewa kuwa sun daɗe ƙwarai ba su je ƙauyukan maƙwabtansu ba. Allah Ya ba shugabanni ikon duba wannan shawara, Ya kuma kiyaye duk wanda ke kan hanya.